Ƙauyen Ailan Da Ke Noman Baƙi

Duk wanda ya taɓa sayen dankalin Turawa na Jos ya ji sunan Ailan ko da bai san inda ta ke ba, gama har yau 'yan kasuwa da yawa "Arish" su ke kiransa, watau na mutanen Ailan. To, ita Ailan tsibiri ce a yamma da Ingila, ƙasar ruwan sama da ciyawa da shanu da tumaki. A can ƙuryarta ta arewa maso yamma akwai wani lardi wai shi Donegal, a ƙarshen lardin kuma, inda hanya ta ƙare sai teku, akwai wani ƙauye mai suna Glencolmcille. Sunan yana da nauyi a baki, mutanen wurin ma Gilen kawai su ke cewa, ma'anarsa kwari. Daga Dablin, babban birnin ƙasar, tafiyar wajen awa huɗu ce a mota. Jirgin ƙasa bai taɓa isa can ba, iyakarsa Killybegs garin masunta, wannan hanyar ma an rufe ta a ƙarshen 1959.

Ƙauyen nan na 'yan ɗaruruwan mutane yau ya zama masaukin masu yawon buɗe ido. Da zarar ɗumi ya shigo, daga Yuni zuwa Agusta, sai ga baƙi daga Amurka da Jamus da Faransa da Ingila, su sauka nan, su riƙa fita suna zaga duwatsu da bakin teku da kufai, da yamma su komo su ci su kwana. Ma'aikatan Gwamnati masu kula da sha'anin baƙi suna yabon irin wannan ƙwarai, suna cewa shi ne maganin mutuwar ƙauye. Maganarsu da gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Baƙo ya yi wa Gilen rana, wannan ba mai musu. Abin da ya kamata a tambaya shi ne aljihun wa kuɗin baƙon ke shiga, kuma wa zai ci gaba da gyaran ƙasar da baƙon ya zo kallo in manomi ya gaji ya tashi.

Sai an san irin ƙasar kafin a gane maganar. Ba ƙasar noma ba ce yadda manomin Hausa ya san ƙasar noma. Duwatsu ne da tuddai marasa itace, da fadamu masu tsami, ga iskar teku mai gishiri tana bugun shuka dare da rana. Gonar mutum da can 'yan eka kaɗan ce, ya shuka dankali da wani hatsi mai kama da alkama, ya ɗaure saniya ɗaya ko biyu, ya saki tumakinsa a kan dutse inda makiyaya ta jama'a ce, ko wane gida da rabonsa. Taki kuwa daga teku su ke ɗebo shi, watau ciyawar da igiyar ruwa ke watsowa gaɓa, a ɗauko ta cikin kwando a baya a zuba a kunya. Itacen girki babu, sai wata baƙar ƙasa ta fadama da a ke yankawa kamar tubali, a shanya ta bushe, a hura wuta da ita. Maza na kamun kifi cikin ƙananan jirage, mata na kaɗi da saƙar rigunan ulu.

Irin wannan zama ba ya ɗaukar gardama da ƙaddara. A 1845 wani ciwo ya faɗa wa dankali, ya riƙa ruɓar da shi cikin ƙasa shekara bayan shekara. Mutanen tsibirin a ƙidayar 1841 sun haura miliyan 8. Kafin yunwar ta lafa wajen miliyan ɗaya sun mutu, wajen miliyan ɗaya kuma sun ƙetare teku. Tun daga nan ƙofar fita ba ta rufu ba. Mutanen Donegal suka saba da cin rani a Sikotilan, suna haƙar dankali a gonakin wasu, sa'an nan cin ranin ya zama tafiya ba dawowa. A cikin shekarun 1950 kaɗai mutum wajen 400,000 suka bar Jamhuriyar Ailan, har ƙidayar 1961 ta sami saura miliyan 2.8. A ƙauyuka irin su Gilen yaro na gama makaranta sai a haɗa masa akwati.

Cikin wannan hali ne aka turo wani limamin Kirista, Fada James McDyer, a 1951. Shi ma ɗan Donegal ne, ya yi aiki a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga da idonsa yadda 'yan ƙasarsu ke zaman leburanci a can. Ya iske ƙauyen ba lantarki, ba famfo, ba hanyar kirki, ba ma'aikata ko ɗaya. Bai tsaya wa'azi kaɗai ba. Ya tara jama'a aka yi aikin gayya, aka gina ɗakin taro a 1953. Ya matsa wa hukuma lamba har aka jawo lantarki da ruwa, aka gyara hanya. Daga nan ya shiga kafa ƙungiyoyin gama kai: ta masu saƙa, da ta manoma wadda ta buɗe ma'aikatar sarrafa kayan lambu a farkon shekarun 1960.

Masu ba baƙi labarin Fada sun fi son su tsaya a nan, amma manomi zai fi ƙaruwa da abin da bai yiwu ba. Ma'aikatar kayan lambun ba ta sami isasshen kaya daga gonakin wurin ba, gama ƙasar da iskar ba su yarda ba, daga baya sai ta koma sarrafa kifi da ƙaguwa, a nan ne ta tsaya da ƙafarta. Ya kuma so ƙananan manoma su haɗa gonakinsu su zama babbar gandu ɗaya, a yi noma tare a raba riba. Gwamnati ta ƙi sa kuɗinta, har waɗansu suka riƙa ce masa ɗan kwaminis, shirin ya mutu. Watau dai Gilen ba ta juya wajen baƙi don ƙyamar noma ba. An gwada noman kasuwa tukuna, ƙasa ta nuna iyakarta, sa'an nan aka duba mene ne kuma ƙauyen ke da shi wanda wani zai biya.

Abin da aka samu kuwa shi ne talaucin da can. A 1967, da aikin gayya, aka gina ɗakuna uku na jinka a bakin teku, ɗaya irin na shekarun 1700, ɗaya na 1800, ɗaya na 1900. Aka bi gida gida aka tattaro tsofaffin kaya, tukwane da gadaje da mazari da fitilu da kayan aikin gona, waɗanda masu su ke shirin jefarwa don lantarki ya zo, aka jera ko wanne a ɗakin zamaninsa. Daga baya aka ƙara ɗakin makaranta, da ɗakin masunci, da ƙaramin kanti. Mai baibaya na ƙasar Hausa da zai ga rufin nan da ya tsaya ya duba, domin jinkar Donegal ba ta da tsini, an lanƙwasa ta don iska ta zame, an kuma bi ta da igiyoyi an ɗaure a turaku da ke jikin bango, in ba haka ba guguwar teku ta yi gaba da ita dare ɗaya. A shekara ta gaba aka gina ɗakunan haya na baƙi, su ma na jinka.

Hikimar abin ba a ginin ta ke ba. Da wani attajiri ne daga Dablin ya zo ya gina ɗakunan nan, da ya sayi tsofaffin tukwanen da 'yan sulalla, ya ɗauki mutum biyu aiki, riba ta bi shi gida. Da ya ke jama'a ne suka gina da hannunsu, kayan kuma na kakanninsu ne, wurin ya zauna a hannun mutanen ƙauyen har bayan rasuwar Fada a 1987. Wanda ke nuna wa baƙo mazari, kakarsa ta yi kaɗi da irinsa. Mai dafa shayi da mai toya gurasa da mai sayar da rigar saƙa 'yan gari ne. Wannan shi ne bambancin ƙauyen da ke karɓar baƙi da ƙauyen da a ke kai baƙi su kalla.

Sauran abubuwan kallo kuwa ba wanda ya gina su don baƙi. Akwai kaburburan manyan duwatsu a Malinmore da wasu wurare cikin kwarin, waɗanda manoman farko suka kafa wajen shekara 5,000 da suka wuce. Akwai duwatsu masu zane na zamanin farkon Kiristanci, waɗanda a ke dangantawa da Colm Cille, waliyyin da ƙauyen ya ci sunansa, wanda ya rasu a 597. Ko wace shekara ranar 9 ga Yuni mutanen wurin kan zaga tasha 15 suna addu'a, waɗansu ba takalmi. Akwai hasumiyar tsaro a kan tudun bakin teku, wadda Ingilishi suka gina a farkon shekarun 1800 don tsoron jiragen Faransa. Ba nisa kuma ga dutsen Sliabh Liag, wanda ya miƙe daga cikin teku kusan ƙafa 2,000. Abin lura a nan, da yawa daga cikin waɗannan suna tsakiyar gonar wani ne, ko kuwa sai an ratsa makiyayar wani kafin a kai gare su. Za a komo kan wannan.

Ɗan kasuwa ya san ba duk mai shiga rumfa ne mai saye ba. Baƙi ma iri biyu ne. A 2014 hukumar baƙi ta ƙasar ta buɗe wata doguwar hanyar yawo da ta bi gaɓar Tekun Atilantika tun daga Donegal har kudancin ƙasar, mil 1,500 da ɗoriya, ta yi shelarta a duniya. Motoci suka ƙaru ƙwarai. Amma mai bin wannan hanya sauri ya ke yi. Ya kwana a babban gari, ya zo da hantsi, ya ɗauki hoton dutse, in an yi sa'a ya sha shayi, kafin la'asar ya wuce. Abin da ya bari bai taka kara ya karya ba, ga shi ya cika 'yar siririyar hanya, manomi mai jan ciyawa da tarakta sai ya tsaya ya jira.

Ɗaya irin baƙon kuwa shi ne wanda wata makaranta mai suna Oideas Gael ke kawowa. An kafa ta a 1984 don koya wa manya harshen Ailan na asali, watau Gelik, gama Gilen na cikin 'yan yankunan da harshen bai mutu ba. Bayan harshe a kan koyar da saƙa, da kiɗan gargajiya, da tarihin kufai, da hawan dutse. Mary McAleese, wadda ta shugabanci ƙasar daga 1997 zuwa 2011, ita ma ta yi karatu a wurin. Ɗalibin nan mako guda ya ke yi, wani ma biyu. Yana kwana a gidan mutanen gari ko a ɗakin haya, yana cin abincinsu, yana saye a kantinsu, baɗi kuma ya komo da abokinsa. Mutum ɗaya irin wannan ya fi mota cike da masu ɗaukar hoto amfani ga ƙauye, ko da ya ke a takardar akawu shi ɗaya ne su arba'in. Hukuma na son ƙidayar kawuna domin ita ce mai sauƙin rubutawa a rahoto. Ƙidayar da ta dace da ƙauye ita ce ta kwanaki: dare nawa baƙo ya yi, a gidan wa.

To, a komo kan manomi, wanda shi ne ya fi kowa riƙe abin kallon, shi ne kuma ya fi kowa ƙarancin rabo. Koren tudun da baƙo ke yabo ba haka kawai ya ke ba. Tumaki ne ke aske shi. In aka janye su, shekara kaɗan ƙaya da sarƙaƙiya su rufe hanya su rufe kabarin dutsen. In kuma suka yi yawa su cinye shi har ƙasa ta zaizaye, kamar yadda ya faru a tuddan yammacin ƙasar a shekarun 1980 da 1990, sa'ad da tallafin Tarayyar Turai ke bin yawan kawunan tumaki, har daga baya aka sa manoma su rage. Katangun duwatsun da aka jera ba laka, waɗanda ke fitowa a ko wane hoto, manomi ne ke ta da su in sun zube. Ladansa fa? Gashin tumakin dutse, masu baƙar fuska, ya faɗi warwas, har a 2020 kuɗinsa bai biya ladan mai askewa ba. Abin takaici ma, rigar ulu mai laushi da baƙo ke saye da tsada da sunan Donegal, yawancin ulunta daga Ostareliya da Niyu Zilan a ke kawo shi, gama na gida kaushi gare shi. Baƙo na kallon tunkiya ta taga, yana sanye da gashin wata tunkiyar ta bangon duniya.

Sa'an nan ga ɓarna. A dokar Ailan ba kowa ke da ikon ratsa gonar wani ba sai da yardar mai ita. Yawancin manoma suna yarda, don kunya da mutunci. Amma baƙo ya buɗe ƙyaure ya manta bai rufe ba, tumaki su fita titi. Wani ya zo da karensa ya sake shi, kare ya kori tumaki masu ciki su yi ɓari. Wani ya hau katanga ta rushe. Ga kuma tsoron kada wani ya zame ya karye ya kai mai gona ƙara. Manomin da ya ga haka ya kafa allo ya hana wucewa, sai a ce ya cika rowa, alhali shi kaɗai ne cikin sha'anin ba a biya.

Gwamnati ta yi abu ɗaya mai kyau a nan. A 2008 ta fito da wani shiri na biyan manoman da hanyar masu yawo ta ratsa gonarsu, su kuwa su riƙa gyaran hanyar, su share magudana, su kula da matakalar ƙetare shinge. Kuɗin ba yawa, kuma ba ko wace hanya ce shirin ya ɗauka ba, amma ya kafa ƙa'idar da ta kamata: gyaran ƙasa aiki ne, mai yinsa yana da lada. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa shi ya kai ga duk mai gonar da ke da kabarin dutse ko tashar ziyara a cikinta. Waɗansu manoman ba su jira ba. Akwai masu tara baƙi su nuna musu yadda karen kiwo ke tattaro garke da fito kawai, a biya su. Wannan ya fi sayar da gashi riba nesa ba kusa ba, kuma ba ya raba mutum da garkensa.

Babban haɗarin dai ba kare ba ne, gida ne. Baƙon da wuri ya yi masa daɗi ya kan so ya mallaki ɗaki a can. Yana da albashin birni, saboda haka kuɗin da zai taya ya fi ƙarfin saurayin ƙauye mai shirin aure. Ƙidayar 2016 ta sami gidajen hutu sama da 11,000 a Donegal, babu lardin da ya kai shi a duk ƙasar. Gidan hutu kuwa wata biyu a ke kwana cikinsa, wata goma yana kulle. Ba ya aika yaro makaranta, ba ya sayen madara ran Talata cikin hunturu, ba ya fita aikin gayya, ba ya jin Gelik. Manomin da ya yanki fili ya sayar ba za a zarge shi ba, gama wataƙila kuɗin fili ɗaya ya fi abin da tumaki za su ba shi a shekara goma. Amma fili sau ɗaya a ke sayar da shi. Ɗakunan hayar da aka gina a 1968 sun fi wannan tsari hankali, domin baƙo ya zo ya biya ya tafi, ƙasa kuwa a lokacin tana hannun gari. Hukumar lardi ce ke ba da iznin gini, ita ya kamata ta fifita mai zama shekara duka a kan mai zuwa hutu, ko da mai hutun ya fi kawo kuɗin shiga a yau.

Wani zai ce, ai in ba don baƙi ba da yanzu Gilen ta zama kamar Port, wani ƙauyen masunta a arewa da ita wanda ya zama kufai, sai bangaye tsaye. Mai wannan magana bai yi ƙarya ba, kuma ba wanda ke cewa a kori baƙo. Sai dai a tuna da 2020, shekarar annobar korona, sa'ad da aka rufe otal da gidajen baƙi aka hana tafiye-tafiye. Gidan da ya jingina ga baƙi kaɗai ya koma jiran tallafin Gwamnati. Gidan da miji ke kiwo, mata na saukar da baƙi, ɗa na aiki a ma'aikatar kifi, ya ji jiki amma bai durƙusa ba. Ko ba annoba ma, kasuwar baƙi ta wata uku zuwa huɗu ce. Gidan kayan tarihin kansa ya kan rufe in hunturu ya shigo.

Akawu kuma yana da nasa abin dubawa cikin labarin Fada. Mutum ne mai zafin nama, shi ke tunani, shi ke neman rance, shi ke bin ofis ofis a Dablin. Irin wannan jagora na sa abu ya tashi da sauri, amma jama'a kan saba da barin kome a hannunsa. Da tafiya ta yi nisa, yawancin sana'o'in da ya kafa da sunan gama kai sun koma hannun masu zaman kansu, waɗansu kuma sun rufe. Wanda ya daɗe a hannun jama'a shi ne wanda bai ci babban jari ba, kowa kuma ya ga hannun gidansu a ciki, watau ɗakunan jinkan nan uku.

Su ma ɗakunan suna da tasu damuwar. Jinka ba ta dawwama, bayan 'yan shekaru sai an sake baibaya. Masu gwanintar baibaya irin ta Donegal, ta igiya da turaku, sun ragu ƙwarai, yawancinsu kuma sun manyanta. Karan da a ke rufin da shi sai wani ya shuka, ya yanka da hannu don kada inji ya kakkarya shi, ga kamfanonin inshora suna gudun gidan jinka saboda gobara, masu irin gidajen da yawa sun gaji sun koma kwano. In hukumar baƙi na neman inda za ta sa kuɗi a Gilen, ta rage na alluna da shela, ta biya manomi biyu ko uku su riƙa shuka karan rufi ko wace shekara, ta kuma ɗauki nauyin samari su bi tsofaffin masu baibaya su koya tun suna iya hawa tsani.